Ɗan Wasa, Mai Sharhi, da Karɓar Tsautawa

'Yan'uwa, akwai wani hali na 'yan wasan fim na Amurka da ya isa mu tsaya mu auna shi. Sa'ad da masu sharhin fina-finai suka kushe aikin mutum a jarida, akan gayyace shi shirin hira na talabijin, mai gabatarwa ya tono zancen a gaban jama'a. Da yawansu sun koyi dabara guda, wato su riga kowa yi wa kansu dariya. Haka George Clooney ya yi a shirin Graham Norton na BBC a 2015, inda ya nemi gafara cikin raha saboda Batman & Robin, fim ɗin 1997 da masu sharhi suka yi wa kaca-kaca. 'Yan kallo suka yi tafi, mu kuwa muka ce, ga mai tawali'u.

To, tawali'u ne kuwa? Lalle ya fi fushi kyan gani. Amma shekara 18 sun riga sun wuce, mutumin kuma ya riga ya ci lambar Oscar har sau 2, saboda haka tuban nan bai rage shi da kome ba, sai ma ƙarin farin jini. Halle Berry ta fi shi ƙarfin hali. A 2005 ta je da ƙafarta ta karɓi lambar Razzie, wadda ake ba wanda aka ga ya fi kowa munin wasa, saboda fim ɗin Catwoman, tana riƙe da Oscar ɗinta a ɗaya hannun. Duk da haka, cikin barkwancin nata ta yi wa kamfanin da ya shirya fim ɗin godiya ta ba'a. Ashe dariya ma tana iya zama garkuwa, har ta sauke wa mutum kayan laifi a kan wani.

Bari mu dubi wanda bai yi dariya ba ko kaɗan. A bikin fina-finai na Cannes a Faransa, a 2003, Vincent Gallo ya nuna The Brown Bunny, wanda shi ya shirya, shi ne kuma jaruminsa. Roger Ebert, mai sharhi na jaridar Chicago Sun-Times, ya ce a tarihin bikin ba a taɓa nuna fim mai muni kamarsa ba. Gallo ya zage shi a bainar jama'a, ya yi masa gorin ƙiba, har ya yi masa fatan ciwo. Ba ma wanke shi daga wannan, gama zagi zagi ne, ko da an cuci mutum. Ebert ma ya rama da baƙar magana.

Sai dai Gallo ya sāke zama a kan fim ɗin, ya datse minti 26 daga cikinsa. Wannan ya ci masa wani abu, domin da hannunsa ya yanke abin da ya sha wahala a kai. A ganinmu, a nan ake gane ko tsautawa ta sami wurin zama, ko da bakin mutum bai amsa ba. Mun san irin wannan a gidajenmu: akwai mai cewa “na ji, na gode” da murmushi, gobe ya koma gidan jiya, akwai kuma mai tashi da fushi, amma ya je ya gyara.

Ebert ya kalli sabon fim ɗin a 2004. Bai riƙe zagin a zuci ba, ya ba shi taurari 3 cikin 4, ya kuma rubuta a fili cewa datsewar ce ta ceci aikin.