Wa Aka Tambaya Kafin A Zana Gidan?

Da fensir aka zana unguwannin ma'aikatan Arlit, garin da aka kafa a 1969, haka ma na Akokan. Zanen ya fita tsaf, amma ya ware manyan ma'aikata gefe guda, leburori gefe guda. Ashe zanen hannu bai hana nuna bambanci ba.

Yau matasanmu da kwamfuta suke zana gida, sun fi na da sauri da daidaito. Sai dai maginin Agadez da ƙafarsa yake shata ɗakuna a ƙasa, maigida na tsaye yana cewa: "Malam, zauren nan ya yi kaɗan." Abin da ya kamata mu koya wa ɗalibanmu ke nan: ko da me za su yi zane, su fara jin ta bakin mai kwana a ɗakin.