Wata Bakwai Ana Rigima, Yaro Yana Jira



Kwanakin baya, bayan La'asar, wani bawan Allah ya tsayar da ni a ƙofar masallaci nan Dutsin-Ma. Sun rabu da matarsa, ta koma gidansu a Kurfi da ɗansu mai shekara biyu da rabi. Yaron ba ya magana, in an kira shi ba ya waiwaye. Uwar tana so a kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a auna jinsa. Uban ya ce ko kwabo ba zai bayar ba sai an dawo masa da ɗansa. Kakar yaron ta wajen uba kuma ta dage iska ce, addu'a kawai za a yi. Wata bakwai kenan, har an fara maganar kotu.

Zaman farko ni na ɓata shi. Na bar su suna tonon wa ya zagi wa, ina kayan ɗaki suka shiga, har aka kira Magariba ba wanda ya ambaci kunnen yaro.

A zama na biyu na fara da aya ta 233 a Suratul Baƙara. Can Allah Ya hana a cutar da uwa ko uba ta hanyar ɗansu, kuma ko yaye kafin shekara biyu Ya rataya shi ga yardar juna da shawara. To in yaye ma sai da shawara, ina ga maganin da zai shafi rayuwar yaro gaba ɗaya? Na ce wa uban: "Malam, a mazhabar Malikiyya renon ɗa namiji na uwa ne har ya balaga, matuƙar ba ta yi wani aure ba, ciyarwa kuma taka ce. Ba a cinikin ɗaya da ɗaya."

Jama'a, abin da ya sa wannan rigimar ta bambanta da ta gona shi ne lokaci. Gona ko shekara biyar aka yi ana shari'a, tana nan. Shi kuwa yaro a shekaru ukun farko ƙwaƙwalwarsa ta fi ɗaukar harshe. Shi ya sa a Amurka ƙa'idar ita ce a gwada jin jariri cikin watansa na farko, a tabbatar da matsalar kafin ya cika wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Mu nan ga sanƙarau, ga ƙyanda, ga shawara mai tsanani ta jarirai, duk suna iya taɓa ji, amma sai mu ce ai babansa ma ya yi nauyin baki.

Ita Hajiya ban ƙaryata ta ba, don sulhun da aka kunyata tsohuwa a cikinsa ba ya kwana. Na ce: "Hajiya, addu'a ke za ki riƙe mana, asibiti kuma ke za ki raka su."

Muka rubuta abu uku, kawun uwar da yayan uban suka sa hannu: ranar tafiya Katsina, kuɗin mota da na gwaji a kan uba, sannan ya riƙa zuwa Kurfi ganin ɗansa duk Juma'a ba mai tare masa ƙofa.

An je. Kunne ɗaya da sauran ji. Likita ya ce a nemi na'urar taimaka wa ji, 'yan gida kuma su fara koyon maganar hannu. Kuɗin na'urar ya fi ƙarfin uban shi kaɗai, a kan wannan za mu zauna Asabar mai zuwa in sha Allah. Ku sa yaron a addu'a.