Tarin Fuka: Tawakkali Ko Sakaci?

Idan magidanci a Sabon Garin Sakkwato ya kai kakinsa asibiti aka auna, aka ce yana da tarin fuka, me ya wajaba a kansa? Wani yakan ɓoye don kunya. Wani kuwa da tari ya lafa sai ya watsar da magani, ya ce ya dogara ga Allah.

Wannan sakaci ne. Wata 6 ake shan maganin, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wanda ya yanke shi a tsakiya, ƙwayar cutar tana iya farfaɗowa ta daina jin magani. Ta iska take yaɗuwa, don haka matarsa da 'ya'yansa da abokin sahunsa a masallaci duk suna da hakki a wuyansa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin magani, alhali kuwa shi malami ne masanin tawakkali. Lalle majinyaci ya cika wa'adin maganinsa, ya koma awo ranar da likita ya sa masa, ya kai iyalinsa a duba su. Maƙwabta kada su ƙyamace shi, gama ƙyama ce ke sa a ɓoye.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.