TSABAR BAIWAR ALLAH A BAKIN TATTABARA: SHIN MAI SADAKA YANA DA IKON ZAƁE?

Duk wanda ya san Birnin Kebbi ko Argungu a watannin Maris, Afrilu da Mayu ya san irin zafin da ake sha kafin ruwan farko ya sauka, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40, tabkunan fadama su ƙafe, tsuntsaye su riƙa yawo baki buɗe. A irin wannan lokaci ne masu imani kan ajiye kasko da ruwa a gindin bishiya ko bakin randa, su watsa ɗan gero ko tsakin shinkafa domin ƙananan tsuntsaye irin su baiwar Allah da tsada. Sadaka ce mai sauƙi wadda ko tsohuwar da ba ta da taro takan iya. To amma ba a jimawa sai ka ji fuka-fukai, tattabarun maƙwabta sun diro su goma ko ashirin, kafin ƙiftawar ido sun share wurin tas, sun shiga kaskon sun yi wanka sun dagula ruwan, su kuwa waɗanda aka yi abin dominsu suna kan katanga suna kallo. Daga nan sai mai gida ya ɗauki tsinke, ko ya sa yara jifa. Tambayar da muke son mu tattauna da 'yan uwa marubuta ita ce, shin mai sadaka yana da ikon ya ce ga wanda zai ci, ga wanda ba zai ci ba?

Kada mai karatu ya ɗauka ƙorafin mai gidan nan na banza ne. Tattabara guda takan kai nauyin giram 300, baiwar Allah kuwa da ƙyar take kai giram 10, wato sai an tara talatin kafin a sami tattabara ɗaya. Abin da tattabara za ta haɗiye a zama guda ya ishi ƙaramar tsuntsuwa kwanaki. Bugu da ƙari, tattabara tana da ubangida. Akwai wanda ya gina mata ɗaki, ya jera mata tukwane, yake kwashe 'yan shila ya kai kasuwa ko ya yi farfesu. Ke nan idan ta ci tsabar sadaka, aljihun mai ita aka sauƙaƙa wa.

Duk da haka akwai hujja mai ƙarfi a kan mai kora. Ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa Musulmin da ya yi shuka ko dashe, duk abin da ya ci daga ciki, tsuntsu ne ko mutum ko dabba, za a rubuta masa ladan sadaka. Ba a ware wani tsuntsu aka bar wani ba. Akwai kuma labarin mutumin da ya fita da sadakarsa cikin dare har sau uku, ta faɗa hannun ɓarawo, ta faɗa hannun mazinaciya, ta faɗa hannun mawadaci, aka kuma sanar da shi an karɓa. Hausawa ma sun ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Yunwar tattabara yunwa ce, ƙishinta ƙishi ne, ba ta kuma san an rubuta sunan wani a kan geron ba. In za mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa daga cikinmu abin da ya sa muke fifita baiwar Allah shi ne tana da kyau, ja ce jawur, ba ta ɓata mana tsakar gida da kashi, kuma tun muna yara aka hana mu harbinta. Wanda ya watsa tsaba don idonsa ya more kallo, to kuɗin kallo ya biya, ya kamata ya yi hattara kafin ya kira abin sadaka.

Amma mu a namu ra'ayi, wannan hujja ba ta rufe magana ba. Addinin da ya buɗe ƙofar sadakar nafila shi ne kuma ya ƙayyade zakka ga mutane kashi 8 a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Ashe ware abu domin mai rauni ba rowa ba ne. Dalili kuwa a fili yake. Idan aka zuba abinci a fili aka ce kowa ya ci, sunan abin ne kawai na kowa, amma mai ƙirji ne zai cinye. Zaman kashin dankali ke nan, babba ya danne ƙarami. Mun sha gani a rabon takin zamani da aka ce na ƙananan manoma ne, mai kadada hamsin ya cika mota, mai 'yar gonar gado ya koma gida da buhunsa a naɗe. Mun sha gani a ƙofar masu hali cikin azumi, inda majiya ƙarfi kan ture makafi da tsofaffi su karɓa sau uku. Ko a aji, malamin da ya jefa tambaya ya ce wanda ya sani ya faɗa, yara huɗu ne za su amsa masa har ƙarshen zango, sauran hamsin su zama 'yan rakiya. Mai rabon da ya naɗe hannu ya ce ai rabon kwaɗo ba ya hawa sama, shi ma ya yi zaɓe, masu ƙarfi ya zaɓa, sai dai bai furta ba.

Saboda haka muna ganin mai gida yana da ikon ya kare tsabar. Inda za a tuhume shi shi ne hanyar da ya bi. Jifa da tarko da guba duk hukunci ne, hukunci kuwa sai mai laifi, tattabara kuma ba ta yi laifi ba. Ita ma dukiyar wani ce, in ka karya mata fiffike ka shiga hakkin maƙwabci. Alhazanmu shaida ne kan yadda tattabarun Harami ke yawo tsakanin ƙafafun mutane ba mai razana su.

Iyayenmu mata sun warware wannan matsala tun kafin a haife mu, ba tare da sun kira ta falsafa ba. Idan kaza ta ƙyanƙyashe, sai su zuba tsaki a ƙasa su kife akurki a kai, 'yan tsaki su shiga ta tsakanin karare su ci su ƙoshi, manyan kaji da zakaru suna zagayawa a waje, sannan a watsa musu nasu a gefe. Ba a doki kowa ba, ba a hana kowa ba, ƙofa kawai aka tsuke. A Ingila, inda ciyar da tsuntsayen lambu ya zama babban ciniki, abin da suke sayarwa ke nan da tsada, mazubin tsaba a cikin keji na waya wanda tattabara ba ta iya kutsawa. Amma su ɗin ne kuma, a dandalin Trafalgar na Landan, suka hana ciyar da tattabaru da doka a 2003, har aka riƙa kawo shaho yana korarsu. Mu dai akurkin ya fi kwanta mana. Masunta ma sun san wannan hikima ta ɗaya fuskar, domin faɗin idon koma shi ke yanke wane kifi zai tsaya, wane zai wuce ya girma. Haka nan hana su a Matan Fada sai lokacin bikin kamun kifi, wanda aka faro a 1934, iyaka ce da aka sa wa mai ƙarfi domin na ƙasa ya rayu.

Da maganar ta tsaya nan da mun huta. Sai dai akwai wani ƙaramin tsuntsu da ke tona mana asiri, wato jan-baki. Nauyinsa bai wuce giram 20 ba, ba shi da ubangida, ba wanda ya gina masa ɗaki. Duk sharuɗɗan da muka kafa wa baiwar Allah ya cika su. Amma je ka fadamar Argungu lokacin da shinkafa ta fara nuna ka ambaci sunansa ka ji abin da manomi zai ce. Masana sun ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai biliyan ɗaya da rabi, ba wani tsuntsun daji a duniya da ya kai shi, sarkin yawa kuwa ya fi sarkin ƙarfi. Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawa ne, in sun yi ƙaranci sai ya faɗa gonaki kamar hadari. Yara kan wuni tun asuba suna jan igiyar gwangwanaye suna ihu, kujerunsu a makaranta ba kowa. In abin ya gagara sai a kawo jirgin sama ya yi feshin guba a inda suke kwana, gubar kuwa ba ta tambayar suna, takan haɗa da tsuntsayen da ba su taɓa sauka gonar kowa ba.

Ba mu zargin manomin. Wanda ya ci bashi ya sayi iri da taki da man injin ban-ruwa, ya ga guminsa na wata huɗu yana tashi sama, ba za mu karanta masa hadisin shuka mu juya mu tafi ba, ko da yake hadisin nasa ne kafin ya zama namu. Abin da muke cewa shi ne, a fadama jan-baki ne tattabara, manomi ne baiwar Allah. Rauni yana bin wuri da lokaci, ba girman jiki kaɗai ba, kuma tausayinmu ga ƙarami yakan tsaya daidai inda rumbunmu ya fara.

Ga wanda zai gwada akurkin a gidansa, tazarar yatsu biyu tsakanin karare ta isa ta tsare tattabara da hasbiya, a kuma ajiye musu nasu kaskon can nesa, a riƙa sauya ruwan kullum. Amma ya sani, ƙofar da baiwar Allah ta shiga, jan-baki ma zai shige ta ba tare da ya sunkuya ba.