Haƙƙin Mazan Jiya

 

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa shekaru 40 ko 50 da suka wuce, da wuya a ce bai san wani tsohon soja a unguwarsu wanda ya je yaƙin Bama ba. Akan same shi yana gadin kanti, ko yana masinja a wani ofis, ko kuwa ya koma gona. Tafiyarsa a miƙe take, takalminsa a goge ko da ya tsufa, ba ya makara, ba ya kuma son a yi masa ƙarya. In aka aike shi kasuwa sai ya komo da canji har kwabo. Yara sukan ƙame su sara masa don tsokana, wani lokaci ya kore su, wani lokaci ya zaunar da su ya ba su labarin dajin da rana ba ta ratsa shi. Yau irin waɗannan dattawa sun ƙare sai ɗai-ɗai, gama wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943 ya cika shekara 100 a 2025. Da suka ƙare kuwa sai begensu ya tashi. Ko'ina aka zauna hira sai a ji ana cewa maza sun tafi, amana ta tafi tare da su, na yanzu sai son banza. Abin tambaya shi ne, wane irin girmamawa ne ya dace Musulmi ya yi wa waɗannan mutane, kuma begen nan da ake yi ya isa ya biya su haƙƙinsu?

Kafin a yi hukunci ya kamata a san abin da suka yi. Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, ya fara a 1939, ya ƙare a 1945. Da farko an kai sojan Nijeriya Gabashin Afirka su yaƙi Italiya, suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka nausa ƙasar Habasha. A 1943 aka kafa manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can aka tura su ƙasar Bama su kara da Japan. Alamar runduna ta 81 gizo-gizo ce, ta 82 kuwa masu biyu ne da aka gicciya bisa gammo. Gammon nan ba ado ba ne. A kwarin kogin Kaladan da tsaunukan Arakan babu hanyar mota, saboda haka da ka aka ɗauki harsashi da abinci da magani, sauran kuwa jirgin sama ke jefo musu da laima. Waɗansu bataliyoyin Nijeriya an haɗa su da mayaƙan Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke a bayan abokan gaba a 1944. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu wajen kama garin Myohaung. Kimanin mutum 90,000 na Afirka ta Yamma ne suka yi wannan tafiya, mafi yawansu daga Nijeriya, Hausa kuma ita ce harshen da ta daɗe tana haɗa sojan bariki. Da suka komo a 1946, Malam Sa'adu Zungur ya tarye su da waƙarsa Maraba da Soja.

Waɗanda suka zauna gida su ma ba su huta ba. Tsakanin 1942 da 1944 an yi ta ɗibar talakawa da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a tsaunin Jos, sanyi da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu. Gishiri da tufafi suka yi wuya. Mata suka riƙe gidaje shekara da shekaru ba su san ko mazansu na raye ba. Idan ana maganar mutanen zamanin yaƙi, to, har da su.

To, a nan ne mai hankali zai tsaya ya yi tambaya mai nauyi, ba kuwa daidai ba ne a kauce mata. Rundunar da waɗannan bayin Allah suka shiga ita ce dai rundunar da Lugga ya ci Kano da ita a watan Fabrairu na 1903, ya ci Sakkwato a watan Maris, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Tsakanin Burmi da Bama shekara 40 ce kawai, watau akwai mutanen da suka ga duka biyun da idonsu. Yaya za a yi jikan wanda ya faɗi a Burmi ya girmama wanda ya ɗauki bindiga ƙarƙashin tutar da ta kayar da kakansa? Waɗansu matasa masu karatu sukan ce ai waɗannan sojan haya ne, Ingila suka yi wa yaƙi, babu abin da ya haɗa addini da su.

A cikin maganar nan akwai gaskiya, kuma dole a karɓe ta. Yaƙin Bama ba jihadi ba ne. An tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, game da mai yaƙi don ganima da mai yaƙi don suna, ya nuna cewa wanda ke kan tafarkin Allah shi ne mai yaƙi domin ɗaukaka kalmar Allah. Saboda haka ba a ɗaukar rawanin shahada a naɗa wa wanda aka ga dama don kawai ana ƙaunarsa. Amma shi wannan ma'auni na niyya, wanda Imamu Buhari ya buɗe littafinsa da hadisinsa, shi ne kuma ke hana a yi musu kuɗin goro wajen zargi. Wani hakimi ne ya ba da shi don ya cika adadin da aka ɗora wa ƙasarsa. Wani yunwa da haraji suka kora shi. Wani yaro ne, kaki da fareti suka ruɗe shi, bai san inda Bama take ba, balle abin da ya haɗa Ingila da Japan. Wani kuma an gaya masa irin ƙin da Hitila ke yi wa baƙar fata, ya tafi da zuciya ɗaya yana ganin sharri zai tare. Wanda ya san rabon kowane ɗaya daga cikinsu shi ne Wanda ya san abin da ƙiraza suka ɓoye.

Abin da ya rage ga mutane shi ne halin da suka gani a fili, Musulunci kuwa bai taɓa hana a yaba kyakkyawan hali don tutar da mai shi ke ƙarƙashinta ba. Sa'ad da Annabi ya komo daga Ɗa'ifa mutanenta sun jefe shi, Muɗ'imu ɗan Adiyyu ne ya ba shi mafaka, ya sa 'ya'yansa suka ɗaura makamai suka raka shi cikin Makka, alhali Muɗ'imu mushriki ne, a kan shirka kuma ya mutu. Bayan yaƙin Badar, Annabi ya ambace shi, ya nuna cewa da yana raye ya roƙi a saki fursunonin, da an sake masa su. Haka nan ya yabi alkawarin Hilful Fuduli, wanda Kuraishawa suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'anu tun kafin annabci don taimakon wanda aka zalunta. In an riƙe alherin mushriki haka, ina ga Musulmin da ya tsare sallarsa cikin ramin yaƙi, ya goya ɗan'uwansa mai rauni ya ƙetare kogi da shi, ya komo gida ya kai wa matar mamaci 'yan kuɗin da mijinta ya ba shi ajiya? Haƙuri da riƙon amana da tsare lokaci da rashin gudu a bar aboki, duk halaye ne da addini ya yi umurni da su. Baturen fareti ya same su ne a jikin mutanen, ya yi amfani da su.

Sai dai bege yana da wata cuta, watau yakan wanke abin da ya wuce har ya fi yadda yake fari. Ba dukan wanda ya je Bama ne ya komo salihi ba. Ba banza ba Hausawa suka mai da kalmar ɗan bariki abin zargi, gama giya da caca da neman mata sun bi sojan zuwa garuruwa da yawa. Akwai waɗanda suka komo hankalinsu ya taɓu saboda abin da suka gani, aka bar su suna yawo kasuwa yara na binsu, ba wanda ya san ciwo ne mai bukatar magani. Zamanin da ake cewa na gaskiya ne, shi ne zamanin da ake yi wa sojan Afirka bulala, ana kuma biyansa kashi kaɗan na abin da ake biyan Bature. Takardun gwamnatin Ingila da aka fito da su a 2019 sun nuna cewa a Gabashin Afirka kuɗin sallamar farabiti Bature sule 10 ne a kan kowane wata da ya yi yana aiki, na baƙin mutum mai muƙami ɗaya da shi kuwa sule uku da sisi. Wanda ya ce yana begen wancan zamani ɗungum, to, ya sani har da wannan yake bege.

Larabawa suna da kalmomi biyu da ya kamata a rarrabe. Akwai hanin, watau begen abin da ya wuce, asalinta kukan taguwa ne idan ta rabu da ɗanta. Mawaƙan jahiliyya irin su Imru'ul Ƙaisi da shi suke buɗe ƙasidunsu, a tsaya a kan kufai a yi kuka, sa'an nan a hau raƙumi a wuce. Akwai kuma wafa'i, watau cika alkawari da biyan abin da ke wuyan mutum, shi ne abin da aka buɗe Suratul Ma'ida da umurni da shi. Hanin ba laifi ba ne. Annabi da kansa yakan tuna Nana Hadiza bayan rasuwarta har a ga alama a fuskarsa. Amma bai tsaya nan ba, yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da nama. Bege a zuci yake, ba ya cin kwabo. Cika alkawari kuwa sai an buɗe aljihu, an taka ƙafa.

Akwai ma inda begen ke zama zunubi, shi ne idan ya koma zagin zamani da yanke ƙauna daga mutanensa. An hana zagin zamani, domin Allah ne ke jujjuya dare da rana. Imamu Muslim kuma ya ruwaito gargaɗi ga mai cewa mutane duk sun halaka. Alƙur'ani ya faɗa sau biyu cikin Suratul Baƙara, aya ta 134 da ta 141, cewa al'ummar da ta shuɗe tana da abin da ta aikata, na baya ma suna da nasu. Wanda ke makara ofis kullum, yana kuma karɓar na goro kafin ya sa hannu a takarda, ba shi da bakin yabon tsohon sojan da ke kawo canji har kwabo. Yabon nan nasa shaida ce a kansa. Ga shi kuwa kowace ranar 15 ga Janairu ana fareti, ana ajiye furanni, ana sakin tattabaru, alhali a unguwanni akwai matan sojan da suka mutu a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da marayun waɗanda suka faɗi a Arewa maso Gabas tun daga 2009, da tsofaffin da suka sha zaman layi suna jiran fansho. 'Yan Bama sun wuce inda sadaka da addu'a kaɗai ke isa gare su. Waɗannan kuwa suna nan, ana iya ƙwanƙwasa ƙofarsu.

Cikin labaran yaƙin akwai wani wanda ya kamata a riƙa ba yara. Isaac Fadoyebo Bayarabe ne Kirista daga wajen Owo, ya shiga soja yana ɗan shekara 16, yana aikin jinya. A watan Maris na 1944 sojan Japan suka yi wa ƙungiyarsu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, aka harbe shi, aka bar shi ana zaton ba zai rayu ba. Wani talaka Musulmi na Arakan mai suna Shuyiman ya ɗauke shi, shi da wani sojan Saliyo, David Kargbo, ya ɓoye su a gidansa yana ciyar da su, har aka kuɓutar da su bayan wajen wata tara da harbin. Da Japanawa sun gano, da shi da iyalinsa sun halaka. Ba addini ɗaya suke ba, ba harshe ɗaya ba, ba ya kuma tsammanin lada daga kowace gwamnati. Fadoyebo ya komo gida ya yi shekara fiye da 60 yana ɗauke da nauyin godiyar da bai samu ya yi ba, sai a 2011 wani ɗan jarida Baturen Ingila, Barnaby Phillips, ya nemo iyalin Shuyiman ya kai musu wasiƙarsa. Fadoyebo ya rasu a 2012.

Musulmin Arakan ɗin nan su ne duniya ta sani da sunan Rohingya. A 2017 sojan ƙasar, wadda aka sake wa suna Myanmar tun 1989, suka ƙone ƙauyukansu, mutum fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh. A Apapa ta Ikko akwai barikin soja mai suna Arakan, a Yaba akwai Myohaung, a Kaduna akwai Dalet, a Zariya akwai Chindit. Dubban mutane na wucewa ta ƙofofinsu kowace safiya, kaɗan ne suka san ƙasar da sunayen suka fito, balle su san cewa mutanen da suka yi gudun hijirar nan dangin wanda ya ɓoye musu ɗa ne.