Mai Tiya Biyu da Maƙwabcin da Ya Yi Shiru

Tambaya: Malam, ina da rumfa a kasuwar Tirmini. Maƙwabcina mai awon hatsi tiya biyu gare shi: babba idan zai saya wajen matan ƙauye, da wata mai lotsattsen gindi idan zai sayar. Duk layinmu an sani, kowa ya ce ba ruwansa. Ni dai zuciyata tana ƙin abin. Wannan ya ishe ni?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bai ishe ka ba, ɗan'uwa. Hadisin Abu Sa'id al-Khudri da Muslim ya ruwaito, na 34 a Arba'una ta Nawawi, ya jera matakai uku na gyaran ɓarna: hannu, harshe, zuciya. Ba a sauka zuwa na ƙasa sai na sama ya gagara. Kai kuwa magana ba ta gagare ka ba. Kunyar maƙwabtaka ce ta ɗaure maka baki, da gudun a ce ka cika shisshigi, kuma shari'a ba ta lissafa waɗannan cikin uzuri ba.

Hani da mummuna farilla ce ta kifaya: idan wasu suka yi, ta sauka daga kan saura, idan kowa ya noƙe, duk wanda ya sani kuma yake da iko ya ɗauki rabonsa na laifi. Masu fakewa da aya ta 105 ta Suratul Ma'ida, wai kowa ya ji da kansa, tun Sayyidina Abubakar ya gargaɗe su a kan mumbari cewa sun ɗora ta inda ba wurinta ba.

Malaman Malikiyya sun sa sharuɗɗa: ka tabbata abin haramun ne, kada hanin ya jawo ɓarnar da ta fi shi, ka kuma yi zaton zai yi amfani. Na farko babu gardama, tauye mudu sura guda aka buɗe da shi, Muɗaffifina. Na ukun idan ya faɗi, wajabci ne ya sauka, magana tana nan halas.

To ka sami maƙwabcin naka ku biyu, ba gaban jama'a ba. In ya ƙi ji, ka kai wa sarkin kasuwa ko maigari. Macen da ka ga za a cuta a gabanka, ka ankarar da ita. Wannan nasiha ce, ba giba ba.

Amma kada ka ƙwace tiyar, kada ka tara masa matasa. Hukunci da hannu na mahukunta ne. Mu mutanen Damagaram mun ga Juma'ar 16 ga Janairu 2015, lokacin da fushin zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ya ƙare da ƙona coci-coci a Zinder da asarar rayuka, alhali masu zanen suna can Faransa.

Idan ka kai ƙara aka share, ko ka ji tsoron cuta ta gaske a jikinka ko dukiyarka, a nan ne ƙin zuciya yake isar maka, da sharaɗin kada ka taya shi awo, ko da ya bar maka jiran rumfa.

Wallahu a'alamu.