Ya Kamata A Ɓoye Wa Ɗalibai Gardama?

A shekarar 1541 Mikelanjelo ya kammala zanen Shari'ar Ƙarshe a ɗakin sujada na Sistina, a Roma. Tsiraicin da ke cikinsa ya jawo gardama, har a 1565 aka zana wa waɗansu mutanen mayafi. A 1994 kuwa, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya yabi aikin domin ya bayyana darajar jikin mutum.

Malamin da ya koyar da zanen, ya ɓoye gardamar, rabin gaskiya ya bayar. Masu rufewa kunya suke karewa, mai zanen kuma halittar Allah yake girmamawa. Ɗalibin da ya auna hujjojin biyu zai koyi rarrabe abin da ke ɗaukaka mutum da abin da ke ƙasƙantar da shi. Ta haka lamiri ke girma.